Haya a ƙaramin gari: dokar da ke jiran ɗan haya ya buɗe baki

Duk lokacin da aka tayar da zancen gidajen haya a Ingila, hankali Landan yake komawa, sai kuma Manchester da Birmingham. Can ne haya ta fi tsada, can ne 'yan jarida suka fi yawa, can ne ƙungiyoyin 'yan haya suke da ofisoshi da lauyoyi. Ni kuwa a ganina, wurin da ya kamata a auna dokokin da aka ɗora wa masu gidajen haya shi ne ƙananan garuruwan nan da mutanen ƙasar ke kira garuruwan kasuwa, irin su Ludlow da Skipton da Hexham da Wisbech. Garuruwa ne da suka girma a gefen kasuwar mako. Da yawansu tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce sarakunan ƙasar suka ba su izinin cin kasuwa a rubuce, kuma har yau su ne cibiyar ƙauyuka da gonakin da ke kewaye da su. Doka ɗaya ce ta hau kan mai gida a Ludlow da mai gida a Landan. Sai dai kusan duk ginin dokar an ɗora shi ne a kan zaton cewa wanda aka cuta zai kai ƙara, alhali a ƙaramin gari kai ƙarar ita ce abu mafi wuya.

A takarda, abin da ke wuyan mai gidan haya ba kaɗan ba ne, kuma yawancinsa ina ganin daidai ne.

Ɗauki iskar gas. Tun dokokin 1998, wajibi ne kowace shekara mai gida ya kawo ma'aikacin da ke da rajista ya duba tukunyar ɗumama gida da murhu da hanyoyin fitar hayaƙi, sannan ya ba ɗan haya kwafin takardar binciken cikin kwana 28. Sabon ɗan haya kuwa kafin ya shigo da kayansa za a ba shi. Dalilin wannan tsanani shi ne iskar kabon monoksaid, wadda lalatacciyar tukunya ke fitarwa. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da kasala ya ɗauka mura ce, ya kwanta da iyalinsa cikin sanyin hunturu, tagogi a rufe, wasu ba sa farkawa. Shi ya sa tun Oktoba 2022 aka wajabta sanya ƙararrawar wannan iska a duk ɗakin da ke da na'urar da ke ƙona makamashi, ban da murhun girki na gas, bayan ƙararrawar hayaƙi da dama ake buƙata a kowane hawa na gida tun 2015. Kuɗin ƙararrawar bai taka kara ya karya ba. Duk mai gidan da ya ƙi sa ta, ban san da wane ido zai kalli kuɗin hayar da yake karɓa ba.

Wayoyin lantarki ma sai gwani ya duba su aƙalla sau ɗaya a shekara 5, ƙa'idar da ta fara da sababbin 'yan haya a 2020 ta game kowa a 2021. Akwai takardar da ke nuna yadda gida ke riƙe ɗumi, mai matakai daga A zuwa G, kuma tun Afrilu 2020 ba a yarda a bayar da hayar gidan da ya gaza matakin E ba sai da keɓewa ta musamman. Kuɗin ajiyar da ɗan haya ke bayarwa saboda ɓarna ba zai wuce hayar mako 5 ba a yawancin gidaje, bisa dokar 2019, kuma mai gida ba shi da ikon zuba shi a aljihunsa. Cikin kwana 30 zai sa shi a ɗaya daga cikin tsare-tsare uku da gwamnati ta amince da su. Idan ya ƙi, kotu na iya sa shi ya biya ɗan hayar har ninki uku na kuɗin ajiyar. Ba zai shiga gidan ya duba ba sai ya ba da sanarwar awa 24. Canza makulli ko yanke ruwa da wuta domin a kori mutum kuwa laifi ne na hukunci tun dokar 1977.

Sai gyara, wanda nan ne rigima ta fi yawa. Sashe na 11 na dokar 1985 ya ɗora wa mai gida rufi da bango da magudanar ruwa da famfo da bayan gida da na'urar ɗumama. Wata doka ta 2018 ta ƙara da cewa dole gidan ya dace da zaman ɗan Adam tun daga ranar shiga har ranar fita, ta kuma ba ɗan haya damar zuwa kotu kai tsaye. Wannan ya shafi garuruwan kasuwa ƙwarai, domin kyawun da masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo shi ne wahalar mazaunansu. Tsofaffin gine-gine ne na dutse da jan bulo, bangonsu na shan ruwa, tagoginsu na da ne. Gidajen haya da dama ɗakuna ne a saman shaguna, waɗanda tun asali ba domin iyali aka tsara su ba. A ƙauyukan gefe wasu gidajen bututun gas bai ma kai gare su ba, sai da mai ko lantarki ake ɗumama su, ga tsada. Inda sanyi da danshi suka haɗu a ɗaki rufaffe, baƙar funfuna ce ke mamaye bango.

Mutane da yawa sun raina funfuna har sai da aka yi rashin Awaab Ishak. Yaro ne ɗan shekara 2, iyayensa daga Sudan suka zo, ya rasu a Rochdale a Disamba 2020. A Nuwamba 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfunar gidansu ce ta yi ajalinsa. Mahaifinsa ya fara kai kuka tun 2017, aka ce masa ya shafe wurin da fenti. Daga baya ma sai aka riƙa ɗora laifin a kan yanayin zaman iyalin. Gidan ba na wani mutum ɗaya ba ne, na ƙungiyar samar da gidaje masu rahusa ne, kuma dokar da aka yi da sunan yaron a kan irin waɗannan gidaje ta fara aiki a Oktoba 2025, da wa'adin awa 24 ga haɗarin gaggawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne wannan uba ya yi magana. Ya yi ta yi, shekara da shekaru, ga ƙungiyar da ke da ma'aikata da ofis da lambar waya, aka yi biris da shi. To, ina ga wanda ko maganar ba zai iya yi ba?

A babban birni, mai gida baƙo ne. Sau da yawa ɗan haya bai taɓa ganin fuskarsa ba, da dillali kawai yake hulɗa. Idan suka ɓata, ya tattara kayansa ya koma wata unguwa, babu wanda ya san shi. A garin da mutanensa dubu goma ne ko dubu ashirin, mai gidanka na iya zama mai shagon da matarka ke aiki, ko manomin da ke ba ƙanenka ƙwadago, ko wanda 'ya'yanku ke aji ɗaya. Dillalan gidajen haya biyu ne ko uku a kan titi guda, duk sun san juna, kuma sun san wa ake kira mai yawan ƙorafi. Gidajen da ake tallan hayarsu a lokaci guda ba su da yawa. Wanda ya rasa nasa ba unguwa zai sauya ba, garin zai bari, ya cire yara daga makaranta, ya nemi yadda zai riƙa zuwa wurin aiki a yankin da motar haya ba ta cika zirga-zirga ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, haka ne. Amma idan faɗin inda yake yoyon zai jawo masa rasa ɗakin gaba ɗaya, sai ya tara bokiti ya ja bakinsa.

Sama da shekara talatin, wannan tsoro yana da tushe a cikin doka kanta. Sashe na 21 na Dokar Gidaje ta 1988 ya ba mai gida damar tayar da ɗan haya da wa'adin wata 2 ba tare da ya faɗi dalili ba. Ka biya haya kan kari, ka kula da gida, ka nemi a gyara tukunya, sai ga takardar tashi. A 2015 an yi ƙoƙarin toshe wannan ramuwar gayya, aka ce idan ƙaramar hukuma ta ba mai gida umarnin gyara, ba zai iya amfani da sashen ba har wata 6. Amma kariyar ba ta samuwa sai hukumar ta zo ta duba ta rubuta umarnin, kuma kafin a kai nan sau da yawa aikin gama ya gama. Gwamnatin firayim minista Theresa May ta yi alkawarin soke sashen tun Afrilu 2019. Sai a Oktoba 2025 Dokar Haƙƙin 'Yan Haya ta tabbata, aka tsayar da 1 ga Mayu 2026 a matsayin ranar da sashen zai daina aiki. A ƙarƙashinta, mai gidan da ke son karɓar gidansa domin ya sayar ko ya shiga da kansa sai ya ba da wa'adin wata 4, kuma ba zai tayar da kowa a kan wannan dalili cikin shekarar farko ba. Ƙarin haya sau ɗaya ne a shekara. An hana sa masu nema su yi gwanjon farashi, an hana ƙin mutum saboda yana da yara ko yana karɓar tallafin gwamnati.

Na yi murna da wannan doka, kuma ina ganin ta yi jinkiri. Amma soke sashe guda ba ya soke ganin ido. Matar da ke haɗuwa da mai gidanta kowane mako a kasuwa, wadda ta san gobe za ta buƙaci shaidarsa idan za ta kama wani gidan, ba za ta tashi ta maka shi a kotu ba don kawai an ce yanzu tana da dama. Doka ta cire mata barazanar takardar tashi, ta bar ta da zaman gari.

Masu gidajen ma suna da abin faɗa, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Binciken da gwamnatin Ingila ke yi a kansu ya nuna sama da kashi 40 cikin 100 gida ɗaya tak suke bayarwa haya. A ƙaramin gari irinsu ne suka fi yawa: wadda ta gaji gidan mahaifiyarta ta kasa rabuwa da shi, ma'auratan da kowannensu ya zo da gidansa suka zauna a ɗaya, mai shagon da ke da ɗakuna a sama, dattijon da ya zuba kuɗin fanshonsa a gini. Daga 2017 zuwa 2020 an rage musu sassaucin harajin da suke samu a kan ruwan bashin gida. Babban bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agusta 2023. Idan suka gamu da ɗan hayar da ya ƙi biya, kotu na cin watanni kafin su karɓi gidansu, kuma sabuwar dokar ta ɗaga bashin da ke wajabta tashi daga hayar wata 2 zuwa ta wata 3. Suna cewa in aka ci gaba da tsuke musu za su sayar, ko su mayar da gidan masaukin baƙi na kwana biyu ta Airbnb, wanda a gari mai jan 'yan yawon buɗe ido ya fi kawo kuɗi. Wannan gargaɗi na ƙarshe gaskiya ne, kuma duk gidan da ya koma masauki iyali guda ne suka rasa wurin zama a garinsu. Batun jinkirin kotu ma ina tare da su. Wanda aka hana shi hanyar gaggawa, dole a gyara masa hanyar shari'a.

Inda na rabu da su shi ne maganar da aka fi ji a bakinsu: ni ba ɗan kasuwa ba ne, gida ɗaya ne da ni, ban san da wannan ƙa'idar ba. Mai sayar da abinci a rumfa guda ba ya cewa tsabta ta manyan gidajen abinci ce. Wanda ya karɓi kuɗi ya ba mutane wurin kwana ya shiga sana'a, ko ya so ko bai so ba, kuma sana'ar da ta shafi numfashin yara da dare ce. Wayar da ta tsufa ba ta tambayar gida nawa mai ita ya mallaka kafin ta kama da wuta. Da yawa daga cikin ƙananan masu gidajen nan mutanen kirki ne, wasunsu kan yi shekaru ba su ƙara haya ba, su zo da kansu su gyara famfo. Sai dai kirki kyauta ne, mai shi na iya janye shi ran da ransa ya ɓaci, ko ya mutu magada su zo da nasu hali. Takardar binciken gas haƙƙi ce, ba ta dogara da halin kowa ba. Mai gidan kirki shi ya fi kowa cin moriyar ƙa'ida, domin ita ce ke hana maƙwabcinsa marar tsoron Allah ya karya masa farashi da gidan da ba a taɓa kashe masa ko fam ɗaya ba.

Akwai wajibi guda da ban yarda da shi ba ko kaɗan. Tun Fabrairu 2016 doka ta sa kowane mai gida a Ingila ya duba takardun zaman ƙasa na wanda zai ba haya, kuma tun 2024 tarar kuskuren farko ta kai fam 10,000 a kan kowane mutum. Wannan aikin jami'an shige da fice ne aka ɗora wa wanda bai koya ba. Dattijuwar da ba ta taɓa ganin takardar biza ba, in mutum biyu suka zo mata, ɗaya da fasfon Birtaniya ɗaya da takardar da ba ta gane ba, kowa ya san wa za ta zaɓa. A 2019 babbar kotu ta ce tsarin yana haifar da wariya, a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta bar shi ya ci gaba. Sauran wajibai suna kare wanda ke cikin gida. Wannan kuwa rufe ƙofa yake yi a fuskar ɗalibi da ma'aikaciyar jinya da mai kula da tsofaffi, waɗanda garuruwan ke matuƙar buƙata, tun kafin su shiga.

Baƙi ne kuma suka fi shan wuya a ɗaya gefen. A garuruwan noma na gabashin Ingila, irin su Wisbech da Boston, ma'aikata sun kwararo daga gabashin Turai bayan 2004 domin aikin gona da masana'antun sarrafa abinci. An riƙa cusa su a gidajen da aka gina domin iyali guda, kowane ɗaki da katifu, wani lokaci wanda ya samo musu aikin shi ne mai karɓar hayar. Doka ta ce gidan da mutum 5 ko fiye daga iyali daban-daban ke zaune suna haɗa kicin ko bayan gida sai da lasisi, kuma tun Oktoba 2018 aka ƙayyade mafi ƙarancin faɗin ɗakin kwana. Amma wanda aikinsa da makwancinsa ke hannun mutum ɗaya, ga ƙarancin Turanci, wane ofis zai nufa?

Shi ya sa nake ganin nauyin ganowa ya kamata ya bar kan ɗan haya ya koma kan hukuma. Ikon yana nan. Dokar Gidaje ta 2004 ta ba ƙananan hukumomi ma'aunin haɗura 29, tun daga danshi da tsananin sanyi har zuwa gobara da faɗowa daga matakala, ta kuma tilasta musu ɗaukar mataki a kan mafi muni. Tun 2017 suna iya cin tarar da ta kai fam 30,000 ba tare da zuwa kotu ba, sabuwar dokar ta ɗaga ta zuwa 40,000 ga manyan laifuka, kuma kuɗin hayar da za a iya tilasta wa mai gida ya mayar ya tashi daga na wata 12 zuwa na wata 24. Matsalar ita ce hukumar da ke kula da garin kasuwa galibi tana kula da faffaɗan yanki ne da jami'ai 'yan ƙalilan, bayan shekarun tsuke bakin aljihu da suka biyo bayan 2010. An ce su riƙe kuɗin tarar su ƙara ɗaukar ma'aikata, amma hukumar da ba ta da mai fita dubawa ba za ta ci tarar da za ta ɗauki mai dubawar ba.

Kuma ba a duba gidan da ba a san haya ake yi a cikinsa ba. Scotland ta wajabta wa masu gidajen haya rajista tun 2006, Wales ta bi sahu wajen shekara goma bayan nan, Ingila ta tsaya tana kallo. Dokar 2025 ta tanadi kundin rajista na ƙasa da kuma ofishin sauraron ƙorafi da kowane mai gida zai shiga. A wurina, wannan kundin ya fi soke sashe na 21 amfani ga ƙaramin gari, muddin aka gina shi yadda ya kamata. Mai gida ya ɗora takardar gas da ta lantarki a kai da ranar ƙarewarsu. Ran da wa'adi ya cika ba a sabunta ba, na'ura ta sanar da hukuma, hukuma ta aika wasiƙa, in ba a amsa ba jami'i ya ƙwanƙwasa ƙofa. Babu wanda ya kai ƙarar wani, babu wanda za a nuna da yatsa ranar kasuwa. Kuɗin rajistar da masu gidaje za su biya kuma ya kamata wani kaso tabbatacce nasa ya sauka a hannun ƙananan hukumomin karkara domin albashin masu dubawa, a kuma ba su damar zaɓar gidaje su duba ba tare da jiran ƙorafi ba, su fara da ɗakunan saman shaguna da gidajen da aka san ana cusa ma'aikatan gona.